Ranar da gorar lemo ta kusa raba ni da makaranta

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi ranar da ba ta fita daga raina, ranar gorar lemon nan zan ambata. Lokacin na haura arba'in, ina da jikoki, na shiga makarantar yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar a unguwar Lamisula, ƙarƙashin wata darbejiya. Sana'ata haɗa turaren wuta da humra. Abin da ya kai ni makaranta kuwa, na gaji da miƙa wa mutane waya su karanta mini saƙon masu saye.

Malamarmu yarinya ce sa'ar 'yata, ba ta da hayaniya. Ranar ta zo da gorar lemo ta roba da wani gwangwani cike da tsofaffin sulalla na kwabo hamsin, waɗanda ko mai rake ba ya karɓa yanzu. Ta ɗaga gorar ta ce, "Iyayena, kowacce ta faɗa mini sulalla nawa za su cika wannan. Wadda ta fi kusa, sabulu ɗaya nata ne."

Sai wata dattijuwa da ke zama kusa da ni, mai zuwa tun daga Gomari, ta raɗa mini, "Ƙawata, wannan ba caca ba ce?"

Ni dama ba na raɗa. Na miƙe na gyara lafayata na ce, "Malama, karatu muka zo, ba duba ba. Abin da ido bai gani ba, Allah kaɗai ya san adadinsa. Ki sa mu faɗi gaibu, har da sabulu a kai? In haka bokon yake, ku riƙe abinku." Na ɗauki jakata. Da gaske nake, da na bar gindin darbejiyar nan ba zan dawo ba, kuma na ga mata uku sun fara laluben takalmansu.

Malama ba ta yi fushi ba. Ta mayar da sabulun cikin jakarta ta ce, "Na janye kyautar, Mama. Tambaya ɗaya kafin ki tafi. In kin sauke tukunyar turare, kina sanin kwalba nawa za ta cika?"

"Ina sani mana. Ba daidai-daidai ba, amma ba na yin nisa."

"Boka ne yake gaya miki?"

Matan suka fashe da dariya. Na ce, "'Yar nan, ki kiyaye ni. Idona ne da hannuna."

"To, ara mini su yau."

Na ajiye jakar, ba don na yarda ba, don dai kada a ce na gudu. Ta sa na zuba sulalla har suka kai tsayin yatsu biyu daga gindin gorar, muka juye muka ƙirga. Sannan na bi jikin gorar da yatsuna, biyu-biyu, har wuya. Ta rubuta lissafin a allo, muka yi shi tare, ina gumi. Ta ce, "Faɗi." Bakina ya yi nauyi, don tun tasowata ba na furta abin da ban tabbatar ba, a wurina ƙarya ke nan. Da ƙyar na ce, "Ɗari biyar, ko ƙasa kaɗan."

Muka cika gorar, muna girgiza ta don su zauna, sannan muka zazzage a tabarma kowa ta ja rabonta tana ƙirgawa. Ɗari huɗu ne da 'yan kai. Na ji kunya ta rufe ni, ina jiran a yi mini dariya. Sai dattijuwar nan ta ɗauki gorar ta juya ta, ta ce, "Ai kafaɗarta ce ta cuce ki. Dubi yadda ta tsuke daga sama, ke kuma kin auna ta kamar bokiti." Malama ta ce, "Shi ke nan darasin. Kin faɗi, mun gwada, mun ga inda ya zame. Gobe za ki fi kusa."

Goben kuwa ni na riga kowa zuwa, da kwalbar humra tawa mai siririn wuya, na ce a sake.

Na gama makarantar nan, da hannuna nake rubuta wannan. Har yanzu ba na son ƙarya kuma ba na raga wa mai yin ta. Amma ranar na koyi cewa wanda ya auna ya ce "kusan kaza" bai yi ƙarya ba, bai kuma taɓa gaibu ba. Da na tsaya sai na tabbatar kafin in buɗe baki, da har yau ina miƙa wa mutane wayata.