Ranar da Baba Malam Ya Hau Jar Mota

Yau shekara goma sha tara ke nan da rasuwar maigidana, Baban Hadiza. Jikata Zainabu ce take rubutawa, ni ina faɗa, domin ban yi boko ba. Ta ce in ambaci sunansa don masu karatu su sani. Na ce mata, tsawon zamanmu ban taɓa kama sunansa ba, ba yau zan fara ba. Mutanen Jimeta na da sun san shi da Mai Jar Mota, wannan ya isa. Tun shekaranjiya nake kuka, yara suna ta ba ni haƙuri. Amma ranar da ta fi dawo mini a rai ranar dariya ce, kuma ita nake so in ba ku labari.

Lokacin muna Jihar Arewa Maso Gabas, gwamna yana can Maiduguri, motoci kuma suna bin hannun hagu. Maigidana yana aiki wurin masu sayen gyaɗa a bakin kogin Binuwai. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da motarsa, ja, gajeriya kamar kwalekwale, ba ta da rufi, kujerunta biyu kacal. Da ita ya shiga ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, ma'aikata da 'yan kasuwa. Idan damina ta ja baya sukan ɗauki yini guda su tafi duwatsu a jere, su ci abinci a can, su dawo kafin magariba. Dokarsu ita ce ba mai wuce jagora, kuma idan ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Sabon shiga shi ne a ƙarshen layi, don haka maigidana kullum shi yake shan ƙurar kowa.

Mahaifinsa, Baba Malam, jikan fataken Kano ne, yana noma a Ngurore. Ranar da aka kai masa motar ya gani, ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ciki, ya ce, “Idan an tarar da mutum a hanya da kaya a ka, ina za a sa shi?” Ya ce, “Ni dai ban haifi marowaci ba.” Daga ranar ya daina zuwa gidanmu. Da labari ya kai masa ina da ciki, sai ya aiko cewa Allah ya raba lafiya, amma shi ba zai zo suna a gidan da motar nan take kwana ba. Abin ya hana maigidana sukuni. Ya ce mini zai sayar da ita, amma in zo mu yi fita ta ƙarshe tare.

Mun tashi da hantsi. Hamma Bobbo, wani Bafulatanin Yola, shi ne jagora. Bayansa abokinsa Modu, Babarbare mai baki, sai sauran, sai mu, sai a-kori-kura ɗauke da tukwanen abinci da matan da ba su yarda da iska ba. Ni kuwa na yarda da ita. Na ɗaure mayafina a haɓa, iska tana dukan fuskata, ina ta dariya ban san dalili ba.

Mun wuce Ngurore mun kama hanyar Mayo Belwa ke nan, sai ga tsoho yana tafe a gefen titi da sanda da buta, da ƙunshi a ka. Duk na gabanmu suka wuce shi, ba su san shi ba. Maigidana ya taka birki har na kusa buga goshi. Baba Malam ne. Ɗaurin aure zai je a wani ƙauye can bisa tsauni, motar haya ta tafi ta bar shi.

Maigidana ya danna oda, motoci suka dawo da baya ɗaya bayan ɗaya. Manyan mutane da tabarau suka fito, suka cire takalma, suka durƙusa a kan tsakuwa. Modu ya ce, “Baba, ka yafe wa Bafulatanin nan, shanu kaɗai yake ganewa a hanya.” Hamma Bobbo ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Baba, bawana ne, ban gama koya masa magana ba.” Baba Malam bai yi dariya ba. Ya sauke ƙunshinsa ya ce, “To, ga mutum a hanya da kaya. Sai in ga inda za a sa shi.”

Maigidana kansa na ƙasa, zufa tana bin wuyansa. Ba zai bar mahaifinsa a rana ba, ba kuma zai ce in sauka ba. Sai na fito da kaina, na goge kujerar da bakin mayafina, na durƙusa na ce, “Baba, ga wuri.” Ya ce, “Ke fa, 'yata?” Na ce zan bi motar abinci, ai dama ina so in duba miyata kada ta zube. Ya daɗe yana kallon kujerar nan. Sannan ya yi bisimilla ya shiga, ya rungume butarsa.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Maigidana ɗan fari ne, kuma Baba Malam bai taɓa zama kusa da shi ba, bai taɓa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane ba. Saboda haka sai ya juya fuskarsa waje, ya riƙa yi wa motar magana. Daga baya maigidana ya ba ni labarin ya fi sau ɗari. “Ke mota, gaya wa mai ke ya bi a hankali.” Haka jerin motocin tsere suka riƙa rarrafe kamar ayarin jakuna, Modu yana ɗaga hannu sama yana neman agaji.

Da muka fara hawa, hanya ta shiga lanƙwasa, sanyi ya sauko. Duwatsu kore shar, ruwa yana zubowa daga tsagi, gonakin dawa suna ƙasa da mu, fararen shanu can nesa kamar an watsa auduga. Daga inda nake ina hango jelar rawanin Baba Malam tana kaɗawa. Nan ne ya ce, “Ke mota, iyakar ƙarfinki ke nan?” Maigidana ya ce wa sitiyari, “Doka ce, ba a wuce jagora.” Baba Malam ya ce, “Ke mota, tambayi mai ke, a ina ya taɓa ganin dattijo yana bin bayan yara yana shan ƙurarsu?” Ya ɗaga sandarsa sama. Hamma Bobbo ya hango ta madubi, ya gane, ya ratse gefe, sauran ma suka ratse. Jar mota ta wuce su duka tana ruri. Mu matan bayan a-kori-kura muka saki guɗa. Ranar ce kaɗai Baban Hadiza ya ja layi, kuma har ya koma ga Allah bai daina tuna wa Modu ba.

Ƙungiyar duka ta halarci ɗaurin auren mutanen da ba ta sani ba, muka sauke tukwanenmu aka haɗa da nasu. Da za mu juyo, da kunnena na ji Baba Malam ya dafa ƙofar motar ya ce, “Na ji ana so a sayar da ke. Kada ki yarda. Amma kujerar nan ta mai tafiya a ƙasa ce.” Ranar sunan Hadiza a cikin motar ya zo, shi ya yi wa jaririya huɗuba. Ni kuwa daga nan kujera ta fi ƙarfina. Da wuya mu yi nisa bai tsinci wani ba, ni in jira shi a gindin bishiya.

Yanzu ina zaune a Jambutu, inda a da daji ne muke wucewa. Motoci sun yi yawa, manya, gilashinsu baƙi, mutum ɗaya a ciki. Nakan ce da Baban Hadiza zai gani, da ya sha mamakin kyan titi, sannan ya tambaya me ya hana su tsayawa. Na san akwai tsoro a hanya yanzu, ba na ganin laifin kowa. Hamma Bobbo ya tafi, Modu ya tafi, jar mota ta ruɓe tuni. Ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka ga rawanin nan yana kaɗawa, kuma wannan kaɗaicin yana da ciwo.

Makon jiya jikana Sani ya ɗauko ni daga asibiti a motarsa. Kusa da gida muka ga wata tsohuwa da buhu a ka, rana tana dukanta. Ban ce komai ba, sai na ji ya taka birki. Ban san lokacin da na tattara mayafina na kama ƙofa zan fita ba. Ya riƙo hannuna yana dariya, ya ce, “Kaka, zauna abinki, wannan tana da kujerar baya.” Na zauna, tsohuwar ta shiga baya da buhunta, na yi kuka har gida, baiwar Allah tana ta ba ni haƙuri ba ta san na daɗi ba ne.

Allah ya jiƙan Baban Hadiza da mahaifinsa da abokan tafiyarsu. Yadda bai bar kowa a hanya ba, Allah kada ya bar shi a hanya.

Hajiya Asabe, Jambutu, Jimeta