Sunan da Inna Ba Ta Faɗi

Shekarar da aka kai ni gidan miji a Ruwan Godiya, kuɗin fetur sun fara isowa har ƙauye. Rufin kwano ya soma ƙyalli inda da bunu ne, samari suka rataya rediyo a kafaɗa. Maigidana ya bar wa ƙannensa gona, ya karɓi tuƙin a-kori-kurar wani Alhaji, yana kai masara da dawa kasuwannin Ƙanƙara da Sabuwa.

Shi ne ɗan fari a wurin Inna, surukata, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. In magana ta matsa sai ta ce "wancan".

Wata rana muna dawowa daga suna a Tafoki muka wuce wata mota da ta kife a gefen hanya. An riga an kwashe mutanen. Takalmi ɗaya ne kawai ya rage a cikin ciyawa, na namiji. Inna ta dube shi, ta gyara lulluɓi.

Bayan wannan ne abin ya fara kama ta. Tana cikin tankaɗe sai rariya ta suɓuce mata. Gumi ya keto, numfashi na fita guntu-guntu.

"Ɗiyar nan, riƙe ni," in ji ta. "Ƙirjina zai tsage. Yau kam tahiya ce."

Na riƙe ta ina karanta mata abin da ya sawwaƙa har ya lafa. Malamin asibiti ya auna ta ya ce bai ga komai ba. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Wata Bamagujiya mai kawo mana daddawa daga Damari ta ce iska ce. Baba, mijin Inna, ya yi dariya.

"Wace iska za ta iya da tsohuwar nan? Ai ko aljani ya shiga, da gudu zai hito."

"Kai dai Malam, ji da goronka," in ji Inna. Amma ba ta yi dariyar ba.

Ni da nake wuni da ita na lura da abin da ba su lura ba. Ciwon bai taɓa zuwa ranar da mota ke fake a ƙofar gida ba. Ranar kasuwa yake zuwa, bayan la'asar, in inuwar katanga ta kai bakin rijiya. Sai ta hau neman akuyar da ke ɗaure a gabanta, ta leƙa zaure, ta dawo, ta sake leƙawa. Tambaya ɗaya ce ke cin ta, ita ce kuma wadda bakinta ba zai iya yi ba. Ni ma ba ni da fuskar ɗauko mata zancen ɗanta.

Sai na koma yi wa kaji magana. In watsa musu tsaba in ce da ƙarfi, "Ku ci ku ba ni wuri, mai gidan ya ce yau sai bayan magariba, kaya sun yi yawa." Sai in ga kafaɗunta sun sauko. Na ɗauka na samo magani.

Ashe fargabar ba ta tsaya nan ba. Ta soma kama ta tun da hantsi. Ta rage cin abinci, zanenta ya fara yi mata yawa. Ko jiniya ta ji daga nesa sai ta dafe bango.

Ranar da maigidana ya ce zai dawo da la'asar, aka kira magariba shiru. Ba ni da abin da zan gaya wa kaji. Na idar da salla na waiga, buzun Inna babu kowa. Na same ta a bakin hanya, ba lulluɓi, ba takalmi, tana fuskantar inda motoci ke ɓullowa. Sai na ji ta kira sunansa. Sau ɗaya, da ƙarfi, da wata murya da ban san ta da ita ba. Tsigar jikina ta tashi, don a garinmu uwa ba ta kiran wannan suna sai a kan gawa.

Can fitilu suka ɓullo. Taya ce ta fashe masa a hanya. Ya sauko yana murmushi, ya durƙusa.

"Inna, lahiya kike tsaye nan?"

Ta juya masa baya. "Akuya nike nema," ta ce da ni.

Muka koma gida tana jingine da kafaɗata, ina jin bugun zuciyarta a jikina. A zaure ta tsaya, ta matse mini hannu.

"Gobe ma kasuwa ce ko?"

Na ce, "Eh, Inna."

Ba ta saki hannuna ba.