Laifin Fulogin Da Na Ɗora Wa Mahaifina

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da shida, ina kanikanci a garejin mahaifina da ke bakin titi a Kankia, kuma ina ganin na riga na fi shi iya aiki. Shi ya koya mini riƙon sifana. Amma hannunsa ya fara rawa kaɗan, aiki na ɗaukar masa lokaci, ni kuwa kunya nake ji idan masu mota suka fara duba agogo.

Wata rana gab da azahar wani direban haya ɗan Kusada ya kawo tsohuwar motarsa tana tari, ya ce a canza masa fulogi. Irin motar nan ce mai fulogi shida, uku a gaba, uku a baya can ƙurya, inda ido ba ya gani sai dai a lalubo da yatsu. Baba ya canza na gaban. Da aka kira azahar zai tafi masallaci, ya ce mini kada in taɓa na bayan, don bayan injin bai huce ba, kuma wannan aikin da hannu ake fara murɗa shi a hankali kafin sifana ta shiga. Yana juya baya na cire su. Biyu suka shiga lafiya. Na ƙarshen ya cije tun a murɗin farko, na san ya hau a karkace, amma na sa sifana na danne shi da ƙarfi har ya zauna. Da Baba ya dawo na ce na gama. Ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya dube ni.

Motar ba ta kai garin Kafin Soli ba fulogin ya yi tsalle ya fita, ya tafi da zaren ramin da yake zama, wato haƙoran da ake murɗa shi a kai. Aka jawo ta da igiya, direban na biye yana zage-zage, mutane suka taru. Ya tambayi wanda ya ɗaure na bayan. Na buɗe baki na ce Baba ne. Ban tsaya nan ba. Na ce na daɗe ina gaya masa ya huta, hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi ba shi da abin yi a cikin inji. Aka yi dariya. Direban ya ce wa Baba tsoho ya koma gida ya ja carbi, ya bar kashe wa mutane hanyar abinci. Wani bakanike maƙwabcinmu ya ce a riƙa ba shi wankin ƙusoshi, ko shi ma a sa ido. Baba yana riƙe da sifana, na kai hannu na zare ta a gaban kowa. Abin da ya faɗa wa direban kawai shi ne Alhaji ya yi haƙuri, kuskure ne, za a gyara.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai tashar Kusada. Masu mota suka riƙa zuwa suna cewa ni suke so, kada tsohon ya taɓa. Baba ya yi wata guda yana zuwa yana zama a kan benci, babu mai miƙa masa ko makulli. Daga nan ya daina zuwa. Kullum da yamma in na wuce shi a zaure sai ya tambaye ni ya aiki, in ce lafiya lau, in shige. Sau da yawa na tsaya a bakin ƙofa da niyyar in durƙusa in nemi gafara, sai in ce gobe. Ciwo ya kwantar da shi kwana huɗu kawai, damina na faɗuwa Allah Ya karɓi ransa.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce tun ranar ya gaya mata komai. Ta nemi ya fito ya wanke kansa, ya ce a'a, shi sunansa ya gama yi masa aiki, yaron kuwa yanzu zai fara ci da nasa. Ya kuma hana ta yi mini magana. Ta ce abu ɗaya ya yi ta jira har ya rasu, in zo da kaina in faɗa, ko da mu biyu ne kawai a zaure. Sannan ta ce in tashi in tafi, ta gama.

Yau shekara tara. Garejin ya bunƙasa, ana yaba hannuna daga Kankia har Kunduru, kuma na san da me aka sayi yabon. Na je tasha na faɗi gaskiya, amma yawancinsu sun manta da maganar, direban ma ya ce ai ya wuce. Wanda ya kamata ya ji ba ya nan.

Na rubuto ne don matasa masu aiki a ƙarƙashin iyayensu ko iyayen gidansu. Idan ka ɓata aiki, ka ce ni ne a take, zafinsa na yini ɗaya ne. Idan kuma ka riga ka ɗora wa wanda ya yi shiru don ya rufa maka asiri, kada ka ɗauka bai ji ciwo ba. Ka je ka same shi yau, tun yana zaune inda za ka iya samunsa. Ku taya ni roƙa wa Baba rahama.