Littafin Malamin Tozai

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, bas cike, ba wanda ya san wani. Ni ma'aikaci ne a reshen jiha na ɗakin karatu na ƙasa. Aikinmu, duk littafin da anka buga a ƙasar nan mu karɓi kwafi uku, mu ba shi lamba, mu shigar da shi kundi, a adana wa 'yan baya. A hedikwata akwai sashen tarawa, da na rajista, da na adanawa. A wurinmu kuwa ni ne duka ukun, har da shara.

Abin da ya fito da ni, wani ɗan kasuwa mai kai littattafai Maraɗi ya ba ni labarin wani malami mutumin Tozai da ya taɓa buga waƙoƙinsa na ajami kan garuruwan Gobir. Na bincike kundinmu kaf, babu shi.

Muna wuce Goronyo hanya ta lalace, hira ta mutu. Kowane shinge sai mun sauka. Wani soja ya buɗe jakata, ya ga fom da biro kawai, ya dube ni da tausayi ya ce in wuce. Gero ya nuna, amma gonaki da yawa ciyawa ce ta gaje su. A tashar Sabon Birni na sha fura. Kuɗinta sun hau, nonon kuwa sai ka rantse ruwa ne. Da na yi magana, mai furar ta ce in na ga shanun in tambaye su.

Da azahar munka isa Isa. Tozai ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, don haka malamin ya dawo nan, yana zaune a zauren wani ɗan'uwansa. Na same shi shi kaɗai bisa buzu, alluna jingine da bango, masu su sun watse. Idonsa ya yi rauni. Munka gaisa, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Allah gafarta Malam, doka ta ce kwafi uku."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, doka ta makara. Ɗaya ya rage. Sauran na can Tozai, damina ta ci su da ɗakin."

Ya zaro shi daga gafaka, ɗan siriri, bangonsa ya yi laushi. Ya ce, "Mi za ku yi da shi?" Na yi masa bayanin lamba da kundi da kanta. Ya saurara, sannan ya ce, "Mutum nawa ka zuwa karatu wurinku?"

Na so in ƙara gishiri, na kasa. Na ce wata rana ba kowa, sai masu cajin waya.

"Ashe zaman da nike kai ma shi kake."

Ya ce in karanta masa. Ajamina na ɗingishi, yana gyara mini da ka. Sunayen ƙauyuka ne da rijiyoyinsu da ranakun kasuwarsu, kuma duk wanda na ambata sai ya ce, "Wanga ya tashi," ko "Wanga na nan." Har la'asar muna yi. Na ce bari in ɗauki hoton shafukan da waya in bar masa abinsa, don na ga shi ne abokin hirarsa.

Ya girgiza kai. "In na riƙe shi, ranar da anka kai ni makwancina gara za ta gaje shi. Tafi da shi, ni shina cikin kaina. Amma ka karanta shi da ƙarfi sau ɗaya a ɗakin naku, ko kujeru ne su ji." Ya sa hannu a fom da ajami. Da za ni fita bai ɗago ba, yana ta shafa gafakar.

Na kwana Isa, washegari na dawo da littafin a aljihun ƙirji. Na ba shi lamba, na tsaya tsakiyar ɗakin karatu na karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya shigo. Shekara da shekaru ina rubuta lambobi a kundin nan kamar mai cika aiki. Sai a wannan tafiya na gane cewa abin da muke karɓa amana ce, kuma wani lokaci mai bayarwar ba shi da wani abu bayanta.