Nha Dina Mai Mukullan Jami'a

A takarda, aikin Nha Dina masinja ne. Takarda dai ba ta jin kunya. Shekara talatin da ɗaya tana yawo da mukullan sashenmu na kimiyya a wata jami'a a Lisbon, tana buɗe ajujuwa, tana kai wasiƙu ofis-ofis, tana manna sanarwa a allo. Mutanen saman bene suna kiranta Dona Hirondina. Mu baƙar fata, ɗalibai da ma'aikata, Nha Dina muke ce mata, yadda ake girmama mace a tsibirinsu na Santiago.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, kuma idan ta fara magana sai dai ka jira ta yi numfashi, abin da ba ta cika yi ba. Ta zo ƙasar nan tana 'yar shekara sha tara, ta yi ta sharar ofisoshi har Allah ya ba ta wannan aikin. Aji huɗu ta yi a makaranta. Amma ban san wani ofishin neman aiki a birnin nan da ya sama wa mutane abin yi kamarta ba.

Sirrinta jirgin ruwan asuba ne, wanda ke tasowa daga Barreiro. A cikinsa matanmu masu shara suke tsallako kogi, kowacce da jakar abincinta a cinya. Su ke share bankuna da ma'aikatu da ɗakunan gwaje-gwaje, kuma mai shara ita ke fara sanin teburin da aka kwashe kayansa, tun kafin a buga sanarwa. Nha Dina takan bi su kujera-kujera.

"Ke 'yar'uwa, wa ya tashi a wajenku?"

"Wani mai haɗa magani, ya koma Faransa."

"Ina da yaro. Ki ajiye takardarsa a saman tebur, ba a ƙasa ba."

Kowace Alhamis kuwa akwai cachupa, dahuwar masara da wake ta ƙasarsu, a ɗakin ajiyar tsofaffin kujeru da ke ƙarƙashin bene. Tukunya biyu take kawowa, ɗaya da naman alade, ɗaya da kifi saboda mu Musulmi, kowacce da ludayinta. 'Yan Angola da Gini da São Tomé, mai karatun digiri da mai gyaran wuta, duk a nan muke haɗuwa. Sai dai abincin da sharaɗi. Ba ta zuba maka sai ka faɗi inda ka kai takardar neman aiki a wannan makon.

"Nha Dina, wallahi makon nan ban samu lokaci ba."

"To ka samu lokacin yunwa? Matsa can."

Daga baya takan zuba masa, har da ƙari, amma sai ta gama yi masa wankin babban bargo a gaban kowa.

Ni sunana Djenabu Candé, 'yar Bafatá ce a Gini. Na zo karatun kimiyyar haɗa sinadarai ina 'yar shekara ashirin, na yi har digiri na uku, sannan na shafe shekara tara ina tsalle daga wannan tallafin bincike zuwa wancan, ba kwantiragi, ba kujera tawa. Tallafina na ƙarshe zai ƙare a watan Yuli. Ita kuma Nha Dina za ta yi ritaya a watan Yuni, da abu ɗaya da ya tsaya mata a wuya.

"Na sa mutum a laburare, na sa a kantin magani, na sa a ofishin ɗalibai," in ji ta. "Amma ban taɓa buɗe wa namu aji ya shiga a matsayin malamin gidan nan ba. Ke ce za ki fitar da ni kunya, Dakta. In ba haka ba na yi asarar waken da kika ci."

A watan Fabrairu gurbin malami ya fito. Shugaban sashe, Farfesa Meireles, ya miƙa mata sanarwar ya ce ta manna a allon hawa na huɗu, wanda ke bayan ƙofa kusa da banɗakin da ya lalace, inda ko gizo-gizo ba ya zuwa sai da dalili. Kowa ya san me ya sa. An ɗinka rigar ne daidai wuyan ɗan lelensa, wani Duarte. Nha Dina ta manna inda aka ce. Sai dai hannunta ya goce a kan injin kwafi, in ji ta, ya fitar da guda arba'in, ita kuma ba ta son asarar takarda. Har a bayan kujerar jirgin ruwa sai da na ga ɗaya.

Na nema. Aka tace, muka rage mu biyu, ni da Duarte. Kwamitin mutum biyar zai yi mana tambayoyi ranar wata Alhamis da ƙarfe biyu, kuma ƙa'ida ta ce dole ɗaya daga cikinsu ya zo daga wata jami'a. A jerin sunaye an rubuta Farfesa L. Coutinho. Na duba a intanet, sai ga hoton mace baƙa kamata, 'yar Mozambik, tana koyarwa a arewa. A nan ne shaiɗan ya raya mini kada in faɗa wa Nha Dina. So nake in ga fuskarta sa'ad da za ta buɗe wa baƙar farfesa ɗakin taro. Abin da na faɗa mata kawai shi ne wataƙila goggona, Tia Umo, ta zo daga Amadora ta taya ni da addu'a.

Ranar ta zo da yayyafi. Abin da ya faru kafin in sauko, daga bakin Nha Dina na ji shi daga baya. Wajen sha biyu wata dattijuwa ta shigo, ta ɗaure kai da gyale saboda ruwa, takalmi shafaffe, da leda a hannu. Ta tambayi Nha Dina inda za a yi ganawar Dakta Candé.

"Ke ce goggon? Sannu da hanya. Ai da saura, zo ki sa wani abu a cikinki."

"A'a, ni ai..."

"Babu ni ai. Wa ke addu'a da yunwa?"

Ta ja ta zuwa ƙasa, ta zaunar da ita a kan kujera mai ƙafa uku da bulo, ta cika mata kwano daga tukunyar kifi. Ta yi mata Kiriyol, yarenmu na gida, matar ta amsa da Fotugis, Nha Dina ta ce haka zaman Amadora ke lalata mutane.

Ƙarfe ɗaya saura na sauko don ta sa mini albarka. Tun daga matakala nake jin muryarta, da dariyar yara.

"Bari in zayyana miki su, don ki san inda za ki nufa da addu'ar. Meireles nasa yake so, shi ya ce in ɓoye sanarwar a bayan ƙofa. Na biyu kuwa, in Meireles ya yi atishawa shi ke kamuwa da mura. Ta uku mai tsoron Allah ce, tamu ce. Na huɗu barci yake yi, in ya farka ya bi wanda ya yi magana a ƙarshe. Kin ga ke nan komai na hannun baƙon nan, Coutinho. An ce jarababbe ne, ko murmushi ba ya yi. Irin tsofaffin nan masu gashi a kunne, na san su. Shi za ki sa a gaba, Allah ya karkato mana da zuciyarsa."

Na leƙa. Fuskar da na gani a intanet ce, da cokali a hannu.

"Yauwa, ga 'yar taki," in ji Nha Dina. "Ke ba kya gaida goggonki ne? Dubi yadda ta tsaya kamar an dasa ta. Karatu ya yi yawa."

"Nha Dina," na ce, "wannan ba Tia Umo ba ce."

Dattijuwar ta ajiye cokali, ta goge baki, ta kwance gyalen ta ninke shi a hankali.

"Sunana Lucrécia Coutinho," in ji ta. "Kunnuwan dai ki duba da kanki."

Wani ɗan Angola ya ƙware da wake. Ya hau tari. A shekara goma sha takwas da na san Nha Dina, ranar ce na fara ganin bakinta a buɗe ba magana.

"Dona Hirondina, sau biyu na yi ƙoƙarin faɗa miki," in ji farfesar. "Na uku kuma, gaskiya, abincin ya yi daɗi, labarin ma haka. Wannan laifina ne." Ta juyo gare ni, fuskarta ba wasa. "Na karanta takardunki a jirgi. Sun fi nasa, kuma da na san abin da zan yi. Amma yanzu na ci abincin gidanku, na ji maganar gidanku, a gaban shaidu goma sha biyar. In na zaɓe ki, zai kai ƙara, zai yi nasara, kuma za a ce da kwanon wake kika sayi kujerar. Wannan tabon ba ya fita daga jikin irinmu. Dole in hau in faɗa musu, in janye."

"Ranki ya daɗe, ai ba wanda zai faɗa," in ji Nha Dina. Ta waiwaya ta zare wa yaran ido. "Akwai wanda ya ga wani abu?"

Duk suka girgiza kai, har da mai tarin.

"Ni na gani," in ji farfesar. Ta ɗauki ledarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Shekara talatin ina shiga jami'o'in ƙasar nan, ba a taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Na gode."

Ta hau ta faɗa musu cewa ta tattauna da mutanen ɗaya daga cikin masu nema, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ba baƙo, ba zama. Aka soke ganawar, aka ce za a sake buga gurbin bayan hutu, wato bayan Yuni, bayan Yuli. Meireles ya wuce ni a matakala yana ta jajanta mini, fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Shekara tara nake jiran wannan ranar, bakin tsohuwa ya cinye ta a cikin awa ɗaya. Mako biyu ban sauka ƙasa ba. In na jiyo ƙarar mukullai sai in canza hanya. Amma fushin bai zauna mini daidai ba, don na san rabon da na ɗauka a cikin ɓarnar.

Ranar wata Talata da rana na same ta zaune a kan matakalar baya, wasiƙu a cinya ba ta kai ba. Ta rame. Na zauna kusa da ita.

"Kin zo zagina?" in ji ta. "Yi sauri, ina da aiki."

"Na zo da niyyar haka."

"To bismillah."

"Nha Dina, na san baƙa ce. Na ga hotonta tun mako uku kafin ranar. Na ɓoye miki ne don in ba ki mamaki."

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ai kuwa kin ba ni. Ja'ira. Digiri uku, hankali ko na rabin aji." Ta ɗan yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. "Ba ki da laifi, 'yata."

"Ina da shi. Da na faɗa miki..."

"Me ya sa sai an faɗa mini?" Ta juya wasiƙun a hannunta. "Aikin za ki samu, nan ko wani wuri, wannan bai hana ni cin abinci ba. Abin da ya hana ni shi ne wannan. Mata ta shigo ranar ganawa, ta kira ki Dakta Candé, ta tambayi ɗakin taro. Na ga takardu a cikin ledar da idona. Na ce a raina goggo ce. Da kin ce goggo ba za ta zo ba, da na ce sabuwar mai shara ce, ko uwar wani ɗalibi. Da zan yi ta lissafi har gobe, farfesa ba zai zo mini a rai ba."

Na kama hannunta.

"Da Meireles ne ya yi mata haka, da yanzu duk jirgin ruwa ya ji, da na yi shekara ina zaginsa," in ji ta. "Shekara talatin da ɗaya ina roƙon Allah ya nuna mini irinta a gidan nan. Ya kawo mini ita har gabana, na kalle ta da idon mutanen saman bene."