Bajon da Baba Ya Zo da Shi daga Bama

Mahaifinmu ba mai dukiya ba ne. Dabino yake sarowa daga Badar ya sayar a ɗan shagonsa, abin da ya samu a ci a gode wa Allah. Abin tinƙahonsa guda ne, shi ne ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. A unguwar Sih ta Madina, inda aka haife mu, idan mutanenmu biyu suka yi musu a kan ciniki, shi ake kira ya faɗi abin da ya gani, kuma daga ya faɗa magana ta ƙare.

Labari ɗaya ne nasa mutane ke saurara da murmushi. Ya ce yana saurayi Turawa suka ɗauke shi soja daga ƙauyensu na ƙasar Kano, aka kai su yaƙin Bama. Da aka gama sai ya tako da ƙafa ta Chadi da Sudan ya zo aikin hajji, bai sake komawa gida ba. Takarda ko ɗaya ba shi da ita, duk sun salwanta a hanya. Shaidarsa kawai wani ɗan bajo ne, irin ƙyallen da ake ɗinka wa soja a kafaɗa, mai zanen baƙin gizo-gizo a kan rawaya. A gwangwanin shayi yake ajiye shi. Ya koɗe, bakinsa duk ya zare, ga wani tabo mai duhu da ya cinye kusan rabinsa. Yakan buɗe gwangwanin a leƙa, amma ba ya bari a taɓa.

Akwai maƙwabcinmu, wani tsoho Bazazzagi, abokin wasan Baba. Kullum suka zauna shan shayi sai ya tsokane shi, wai sojan da bai iya yanka kaza ba. Baba ya rama, a yi dariya a tashi. Abin bai zama ciwo ba sai bayan yaƙin Kuwait, lokacin da bajo-bajon soja suka cika kasuwa, ana zuba su a faranti kamar gyaɗa, kowane tela ya iya buga su. Bazazzagin ya sayo guda ya liƙa a hularsa, ya ce shi ma yanzu ya je Bama ya dawo. Matasa suka ɗauki maganar suna yawo da ita. Ranar da maganar ta kai Baba bango ita ce ranar wani suna, yana cikin ba baƙi labarin, yayana ya katse shi da Larabci, ya ce a bar tatsuniya a ci abinci. Baba ya ajiye ƙoƙon gahawa ya bar labarin a nan. Ni dai na ji kamar in mari yayana.

A lokacin ina aikin lodin kaya a filin jirgin sama. A can na san wani injiniya ɗan Najeriya, Bakatsine, mutum mai kunya da sanyin magana. Mahaifinsa ma tsohon sojan Bama ne, shi ya sa ya ɗauki tara bajon soja abin sha'awa, har yana aika wa masu irin wannan sha'awa a ƙasashen waje su yi musaya. Ya taɓa gaya mini cewa mai sayen bajo ba ya kallon fuska, baya yake juyawa. Na gaske yana da guntayen zaren da aka yanke lokacin cire shi daga riga, rana ta ci tsakiyarsa ta bar gefen da ɗinki ya rufe, kuma yana da warin tsufa da ba a iya ƙirƙira. Zaren zamanin da na auduga ne, in ka ƙona shi toka yake zama, na yanzu kuwa narkewa yake ya dunƙule. Da na ba shi labarin gizo-gizon Baba sai ya miƙe zaune, ya ce lallai akwai rundunar da ta sa wannan alama, yana so ya gani.

Na gaya wa Baba ina ɗar-ɗar, sai na ga ya yi farin ciki. Ya ce a gayyato shi cin abinci ranar Juma'a bayan la'asar, a kira Bazazzagin, a kira yayana, gani ya kori ji. Da safiyar ranar ya fito da gwangwanin ya ɗora a kan kanta a ɗakin baƙi, ya tafi Harami da wuri kamar yadda ya saba, don shi ranar Juma'a ba ya dawowa sai ya yi la'asar a can.

Dole in faɗi wace ce mahaifiyarmu. A Sudan aka haife ta, iyayenta suna kan hanyar hajji, kuma ban taɓa ganin mace mai ƙyamar datti irinta ba. Baƙo ba ya shan ruwa a kofin da ba ta sake ɗauraye shi da hannunta ba. Labule, darduma, har tsumman goge ƙafa, in za a yi baƙi sai sun sha wanki da guga da turaren wuta. A wurinta a nuna wa baƙo abu mai datti daidai yake da a zage shi, kuma a zubar da mutuncin mai gida.

Aka ci shinkafa da nama, na zuba gahawa, aka kawo dabino. Baba ya sa na miƙo gwangwanin, ya ba injiniya da hannu biyu ba tare da ya buɗe ba. Idanun Baba sun riga sun yi rauni a lokacin, sai abu ya zo dab da fuskarsa yake gani.

Murfin na buɗewa ƙamshin turaren wuta ya bugi hancina. Na leƙa, gabana ya faɗi. Abin da ke ciki fes yake, a miƙe sumul, rawayar ta yi fari-fari bai ɗaya, an kalmashe bakinsa da ɗinkin keke mai kyau. Babu zare ko ɗaya da ke reto, tabon nan kuma babu shi babu alamarsa. Na ɗauka wani ne ya sace na gasken ya musanya, har na juya ina hararar Bazazzagin.

Injiniya ya juya bajon ya daɗe yana kallon bayansa. Ya kai shi bakin taga, ya shinshina, ya sosa ɗinkin da farce. Ya nemi izini ya ciri ɗan silin zare daga gefe, ya kunna masa ashana, zaren ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya fara kewaye-kewaye, wai zanen daidai ne, wai irin wannan alama ce rundunar ta sa. Bazazzagin ya ce shi ba zane ya tambaya ba, asali ne ko kwaikwayo.

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Abin da ke hannuna, ban ga alamar ya taɓa hawa rigar soja ba. Zaren na yanzu ne."

Yayana ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Baba ya miƙa hannu aka ba shi bajon. Ya shafa shi da babban yatsa, gaba da baya, ya kai shi hanci, ya kawo shi dab da idonsa.

Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne."

Kowa ya ɗauka amsa laifi ya yi, har Bazazzagin da ya ja maganar ya kasa ɗaga ido, don shi wasa yake nema, ba wannan ba.

Sai muka ji murya daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Mahaifiyarmu, wadda tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga murya baƙi maza na zaune ba, ita ce ke magana.

"Malam, naka ne, wallahi naka ne. Ni na wanke shi. Na ga baƙo zai riƙe shi da hannunsa, ga shi duk datti. Na jiƙa shi da bilic mai cin tabo, na yanke zarurrukan, na kalmashe bakin. Ma'alesh, ka yi haƙuri, ban san zai ɓata wani abu ba."

Garin neman gira an rasa ido. Injiniya ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya, ya shiga bayani da sauri, cewa in haka ne hukuncinsa ya faɗi, duk abin da ake dubawa an wanke shi, kuma in an lura saƙar ƙyallen kanta ta da ce. Bazazzagin ya soma murmushi yana neman abin tsokana. Ni ma na ji sanyi a raina, na ce to, ko ba komai an wanke Baba daga ƙarya.

Baba bai ji ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba. Yatsansa na kan wurin da tabon yake a da, yana ta shafawa. Ya tambaya ko tabon ya fita duka. Daga bayan ƙofa aka ce ya fita, da ƙyar, sai da aka cuɗa.

A nan ne ya faɗi abin da ko mahaifiyarmu ba ta taɓa ji ba, ita da suka tsufa tare. Bajon ba na rigarsa ba ne. Nasa ya tafi tare da rigar, ya musanya ta da hatsi a hanyar Chadi. Wannan na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya biyo shi soja don ya ƙi rabuwa da shi, bayan uwarsu ta damƙa masa amanarsa. A bakin wani kogi a Bama harsashi ya same shi a wuya. Ana ja da baya, ba a tsaya ɗaukar gawa ba, balle wanka ko sallah. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya fizge bajon daga kafaɗar yaron ya gudu. Tabon jininsa ne. Ya ce abin da ya hana shi komawa ƙauyensu ke nan, ba shi da idon da zai kalli uwarsu. Ya taho da bajon da niyyar ya binne shi a ƙasar Madina, ko wani abu na yaron ya kwanta kusa da Manzon Allah, amma kullum ya ɗauko sai ya kasa rabuwa da shi, ya ce sai baɗi.

Mu ba mu ma san muna da baffa ba. Na dubi yayana, bakinsa a buɗe, fuskarsa ta yi fari. Bazazzagin ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana salati a hankali. Injiniya kuwa hawaye ne ke bin kumatunsa, bai ko share ba. Daga bayan ƙofa babu motsi, har na ji tsoron ko ta faɗi.

Baba ya juya fuskarsa wajen ƙofar. Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

"Hajiya, ina kika zuba ruwan?"

Ni na san amsar. Da hantsin ranar na tsaya a ƙofar makewayi ina jiran ta fito in yi wankan Juma'a. Na gan ta da ƙaramar roba, ruwan ciki ja-ja baƙi-baƙi, ta tuttule shi a masai ta bi shi da buta. Ban tambaya ba, don kullum cikin wanke wani abu take.

Daga bayan ƙofa ta ce, "A gindin dabinon tsakar gida na zuba, Malam."

Baba ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya bar baƙinsa a zaune, abin da bai taɓa yi ba. Na raka shi tsakar gida. Ya durƙusa a gindin dabinon, ya shimfiɗa tafinsa a kan ƙasar, ya kira sunan ƙanensa, sunan da na fara ji a ranar, ya ce masa yau ga shi ya iso ƙasar Madina. Ƙasar a bushe take ƙamas, amma ranar Madina ba ta barin danshi ya kai la'asar, saboda haka bai yi mamaki ba.

Da na dawo kwashe kwanuka na same ta tsaye a bayan ƙofa, ta toshe bakinta da mayafi. Muka haɗa ido. Ta san na gani, na san ta sani. Ta kama hannuna ta matse har ya yi mini zafi, sannan ta sake ni na wuce da kwanukan.

Daga ranar ba wanda ya sake yi wa Baba dariyar Bama a Sih, yayana ma da ya ji an taɓo zancen sai ya tashi ya ba mahaifinmu wuri. Baba ya rayu shekaru bayan haka, kuma kowace Juma'a in ya dawo daga Harami sai ya zauna a gindin dabinon ya yi wa ƙanensa addu'a. Mahaifiyarmu ce ke shimfiɗa masa darduma a wurin da hannunta, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa har sai ya gama.