Dattijon da Ke Ganin Diloli da Tsakar Rana

A shagon kayan noma na garinmu, nan cikin busasshen yankin Karoo, wani dattijo ya tare ƙofa da tumbinsa. Gajeren wandon kaki ne a jikinsa, gwiwoyi jajaye, ga mataji soke a doguwar safa, alhali sanƙo ya cinye kan tas. Rigarsa sai warin tumaki take yi. Daga yadda yake cije leɓe na san dila ya sake yi masa ɓarna a 'ya'yan tumaki, kuma da alama ya daɗe yana kwana yana tashi da haushin dabbar nan.

Yana rungume da madubin bindiga mai gano ɗumin jiki cikin duhu, yana lallaɓa shi kamar jariri. Tabaraunsa na reto a ƙirji, ya ƙi sawa, kada a ce ya tsufa. Ya kafa madubin a ido, ya auna tudun bayan gari, ga rana tsaka.

"Kai! Ga 'yan banzan can, farare fat, garke guda!"

Marlize mai shagon ko ɗagowa ba ta yi ba, ta kira shi Oom, wato kawu. "Oom, duwatsu ne. Rana ce ta gasa su, kuma har bayan magariba ba sa hucewa."

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake farautar dila. Ga ɗaya can ma ya motsa. Naɗe min madubin, na saya."

Ya fita yana taƙama. Dila kam ko a jikinsa. Ni duwatsun gonar dattijon nan nake tausayi.